Yadda za ku shigar da gasar masu jinkirin fahimta cikin labaran wasanni a Damagaram

Duk wanda ya taɓa shirya gasar gudu ko ta ƙwallo don yara da manya masu jinkirin fahimta ya san yadda ranar take ƙarewa. An share filin lakwal, an ja layuka da toka, an yi hayar rumfa da kujeru, an kai takardar gayyata gidajen rediyo. In babban baƙo ya zo, kamara ta biyo shi. Ya gama jawabi ya shiga mota, kamara ta bi bayansa. Da dare a ji labarin: an faɗi sunan mai jawabi, an ƙirga buhunan shinkafar da aka raba, an ce bayin Allah sun yi murna. Wanda ya zo na ɗaya a mita 100 kuwa, ko sunansa ba a ambata ba.

Ba a ɗora wa ƴan jarida laifin duka ba. Mai gabatar da shirin wasanni da abu uku yake aiki: suna, sakamako, da murya. In ya zo fili bai samu wanda zai gaya masa wa ya ci, da tazarar nawa, ba shi da abin karantawa, sai labarin ya faɗa hannun mai ɗauko labaran taimakon jama'a, shi kuma abin da ya saba nema ke nan: mai bayarwa da mai karɓa. Aikinku shi ne ku shirya gasar yadda labarin wasanni zai fito daga cikinta, sannan ku kai shi har teburin mai shirin.

Gasar kanta tukuna

Tseren da yaro ɗaya ya isa layi sauran suna tsakiyar fili ba ya ba mai sharhi abin faɗa, kuma shi ne ke jawo kallon tausayi. Maganin wannan an daɗe da samo shi. Ƙungiyar Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver ta kafa kuma ta yi gasarta ta farko a Chicago ta Amurka a 1968, tana raba ƴan wasa rukuni-rukuni bisa jinsi, shekaru da kuma gwaninta. Kowane rukuni daga mutum 3 zuwa 8 ne, kuma ana ƙoƙarin kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙwazo da na ƙarshe ta wuce kashi 15 cikin 100. Ba sai kuna cikin ƙungiyar ba za ku ari wannan tsari.

Mako biyu kafin gasa ku yi ranar gwaji. Kowa ya yi gudu sau biyu, a rubuta wanda ya fi. In mafi sauri a rukuni ya yi daƙiƙa 16 a mita 100, kada a sa wanda ya wuce daƙiƙa 18.4 a rukuninsa. A buɗe masa wani. Da haka kowane tsere yakan kai har bakin layi ana kankankan, ƴan kallo su miƙe tsaye da kansu. In wani koci ya sa yaronsa ya rage gudu ranar gwaji don ya faɗa rukuni mai sauƙi, za ku gane ranar gasa, domin lokacinsa zai yi tsalle fiye da kima. Ku faɗa wa kociyoyi tun farko cewa irin wannan sakamako ba a ƙirga shi.

Kada ku cika wasanni. Mita 50, mita 100, tsalle daga tsaye, jifan ƙwallo da gudun miƙa sanda sun isa safiya guda. Petank ma ya dace, tunda mutanenmu sun san shi, kuma yana kama da wasan boce da ake yi a gasar duniya ta Special Olympics. In ƙwallon ƙafa ce, ku gwada ta haɗin gwiwa ta mutum biyar-biyar: uku masu jinkirin fahimta, biyu abokan wasa marasa ita. Wannan tana jawo samarin fada su shigo, su kuma suna zuwa da wayoyinsu da abokansu.

Kayan aiki: agogon awo uku ga kowane tsere (wayoyi ma suna yi), igiyar awo ta mita 50, usur, tuta, da lambar ƙirji babba wadda ake karantawa daga nesa. Lambar nan kada a raina ta. Ita ke sa mai hoto ya san sunan wanda ya ɗauka bayan ya koma gida.

Akwai tambayar da ɗan jarida mai wayo zai yi: ta yaya aka san waɗannan duka suna da lalurar? Yana da hujja. A gasar naƙasassu ta duniya, Paralimpik, da aka yi a Sidni ta Ostareliya a 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinariya a rukunin masu jinkirin fahimta, daga baya aka gano 10 daga cikin ƴan wasanta 12 ba su da wata naƙasa. Sanadin haka aka cire masu jinkirin fahimta daga gasar, ba su dawo ba sai a Landan a 2012, kuma a wasanni uku kawai: guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, da ƙwallon tebur. Don haka ku sa likita ko malamin da ya san aikin ya tantance kowa, a ajiye takardun a wurin mutum ɗaya. Ɗan jarida a gaya masa wa ya tantance, amma ba a nuna masa takardar kowa. Wannan duba na likita yana da wani amfani: masu lalurar Down (wadda ake haifar mutum da ita, takan zo da jinkirin fahimta) da yawa ana haifarsu da matsalar zuciya, wasu kuma suna da rauni a gaɓar wuya, ga masu farfaɗiya. A san su kafin a busa usur.

Kalmar da za ta fita a iska

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ba da gangan ba. Mai karanta labarai ya samu takardarku da Faransanci minti goma kafin shiri, ya fassara da abin da ya zo bakinsa, sai a ji "gasar masu taɓin hankali". Taɓin hankali ciwo ne daban, yana iya samun kowa a kowane lokaci, ana kuma maganinsa. Jinkirin fahimta kuwa tun ƙuruciya yake bayyana, yana shafar saurin koyo da wasu ayyukan yau da kullum. Uban da ya ji an kira ɗansa mai taɓin hankali a rediyo, ga maƙwabta suna saurare, ba zai sake kawo shi fili ba.

Saboda haka ku rubuta komai da harshe biyu da kanku, Faransanci da Hausa, kada ku bar wa kowa fassara. A ƙasan takardar ku sa ɗan akwati mai layi huɗu ko biyar. A ce "ƴan wasa", in dole sai an bayyana a ce "ƴan wasa masu jinkirin fahimta", sau ɗaya a farkon labari ya wadatar. Kada a ce mahaukata, dolaye, gaɓaye, ko ƴan ruwa. Kada a ce "masu fama da", ba jinya suka zo ba. "Bayin Allah" da "abin tausayi" su ma a bar su. Kalmar "masu buƙata ta musamman" ba ta da laifi, sai dai tana haɗa makafi da kurame da guragu, mai sauraro ba zai gane gasar su wa ake nufi ba. Mai shekara 25 kuma ba yaro ba ne. Malam wane ne ko Malama wance, kamar kowa.

Izini

Kafin ku gayyaci ko mai wayar hannu, ku zaga gidaje. Izini biyu ake nema: na waliyyi da na ɗan wasan kansa. A tambaye shi da kalmomi masu sauƙi, a nuna masa hoton wani a waya, a ce "kana so a ga naka haka?" In ya ce a'a, a'a ce, ko da mahaifiyarsa ta yarda.

Ku raba izinin gida uku, domin iyalai sukan yarda da ɗaya su ƙi ɗaya: faɗin suna da sakamako, sa murya a rediyo, da sa hoto a talabijin ko intanet. Ku bayyana musu gaskiya cewa hoton da ya shiga WhatsApp ko Facebook ba ya dawowa. Inda mai gida ba ya karatun boko, a ɗauki muryarsa a waya yana faɗin abin da ya yarda da shi, da ranar. Game da ƴan mata, ku je da mace, ku zauna da uwa da kyau. Damuwarsu kan abin da dangin miji ko masu neman ƴan'uwanta za su ce ba wasa ba ce, kuma matsa musu ba ya kawo komai sai janye yarinyar gaba ɗaya. Wanda ba a yarda a ɗauki hotonsa ba, a ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, a gaya wa duk mai kamara ma'anarsa tun a ƙofa.

Zaɓen rana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi, da safe daga ƙarfe 8 zuwa 11. Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ba a sa mai ciwon zuciya gudu a ciki. Ku kauce wa azumi, makon salla, da lokacin jarrabawar ƙarshen shekara. Ku kauce wa kwanakin kokowar ƙasa ta neman takobi ko da a wata jaha ake yin ta, domin duk mai shirin wasanni hankalinsa yana can. Alhamis ranar kasuwar Dole ce, iyaye da yawa ba za su bar sana'a ba. Juma'a kuma safiyarta gajera ce. Asabar ta fi.

Mutane sukan so haɗa gasar da 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ko 21 ga Maris, ranar masu lalurar Down. Yana da amfani wajen samun baƙi, amma a ranar 3 ga Disamba jawabai ne ke cinye labarai. Dabarar da ta fi ita ce a yi gasar Asabar ɗin da ke gabanta, sai ranar ta zo kuna da zakarun da za a gayyata situdiyo.

Zuwa gidan rediyo

Takardar gayyata da aka ajiye wa mai gadi ko sakatare takan tsaya a can. Ku nemi sunan mai gabatar da shirin wasanni a kowace tasha, ku je wurinsa da ƙafarku mako uku kafin gasa. A Damagaram rediyo ne gaba da komai: tashar gwamnati ta jaha, tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Shukura, sannan rediyon karkara na garuruwan da ƴan wasanku suka fito, ko Mirya ce, ko Magarya, ko Matamai. Bayan su akwai wakilan Télé Sahel, jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP, da kuma Studio Kalangou da ke da shirye-shiryen Hausa waɗanda tashoshi da yawa ke ɗauka. Ku sa mutum ɗaya tak ya riƙe hulɗar nan, lambarsa ce a kan kowace takarda.

Abin da za ku faɗa kada ya wuce minti biyu, kuma kada ya fara da roƙo. Misali: "Malam, ranar Asabar akwai tseren mita 100 rukuni shida. Akwai biyu da suka yi kunnen doki a gwaji, ɗaya daga Birni ɗaya daga Zango. Za mu ba ka sakamako a rubuce kafin ƙarfe 12, da muryar wanda ya ci." Wanda ya ji haka ya san an rage masa aiki. Gasa tsakanin unguwanni, Birni da Zango, Garin Malam da Sabon Gari, tana jan kunne fiye da gasa tsakanin sunayen ƙungiyoyin da ba wanda ya sani.

Maganar kuɗi a yi ta a fili. Abu uku ne mabambanta. Sanarwa ana biyanta, tana da farashi, ku nemi takardar farashin da rasit. Ɗaukar biki da kamara, wanda gidan talabijin ke turo ma'aikata musamman, shi ma yawanci biya ake yi, kuma shi ya fi tsada. Labari a shirin wasanni kuwa ba saye ake ba. Kuɗin man babur na ɗan rahoto, in za ku bayar, ku sa shi cikin kasafi, daidai wa daida ga kowa, a sa hannu. Kada ya zama sharaɗin abin da za a faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk kuɗin a ɗaukar bikin buɗewa. In kuɗinku kaɗan ne, ku sayi sanarwa sau biyu a rana na kwana uku kafin gasa, da karanta cikakken sakamako sau biyu bayanta. Jin sunan ɗa a rediyo shi ne abin da iyali ke riƙewa.

Sanarwar minti ɗaya kalmomi 120 zuwa 130 ce. A fara da abin da za a yi, sai rana, wuri, lokaci, unguwannin da za su kara, a rufe da cewa shiga kyauta ce. Sunayen masu tallafi su zo ƙarshe, ba farko ba. Ku kai wa masu unguwa da limamai kwafi, ku kuma kai gaisuwa fadar Sarkin Damagaram da ofishin wasanni na jaha da wuri. Wakili daga can yakan sa tashoshin da suka yi shiru su motsa.

Ranar gasa

Tunda an san kamara tare da babban baƙo take tafiya, a tsara shirin yadda ba za ta tafi hannu wofi ba. Jawabi biyu, minti uku-uku. Nan take bayan su a yi wasan ƙarshe na rukunin da ya fi zafi, baƙon ya miƙa lambobin yabo da hannunsa, mai lasifika ya faɗi suna da lokaci. Duk wannan cikin minti 25 na farko. Ko sun tashi bayan haka, hoton da ke cikin kamara na tsere ne. Rabon kayan tallafi, in akwai, a kai shi wata rana ko bayan ƴan jarida sun watse. Muddin buhu ya bayyana a fili, shi zai zama labarin.

Ku kafa teburin sakamako kusa da layin ƙarshe, da mutum biyu: ɗaya yana rubutawa a babban littafi, ɗaya yana bugawa a waya. Kowane layi ya ƙunshi lamba, cikakken suna, shekaru, unguwa, rukuni, lokaci ko nisa, da matsayi. A rubuta sunaye tun daren jiya, a tabbatar da su wurin iyaye, don kada Mamman ya koma Mahamadu a iska. A tsarin Special Olympics na ɗaya zuwa na uku suna samun lambar yabo, na huɗu zuwa na takwas kuma ƙyallen shaida, kowa ana kiran sunansa. Ku yi haka, amma kada ku ce "kowa ya ci". Akwai na ɗaya, kuma ƴan wasan sun fi kowa sanin haka.

Mai riƙe lasifika ya zama wanda ya saba sharhin ƙwallo ko kokowa, ba mai gabatar da biki ba. A ba shi kati kan kowane ɗan wasa: unguwarsa, sana'arsa ko ajinsa, lokacinsa na gwaji, da kirarin da ƴan gidansu ke yi masa in akwai. Ɗan kokowa da kirari ake saninsa, kuma babu dalilin da zai hana mai gudun mita 50 samun nasa, muddin kirarin na ƙwazo ne, bai taɓa lalurarsa ba. Sai dai a kula da ƙara. Wasu ƴan wasan, musamman masu lalurar otizim (wadda ke shafar magana da hulɗa da mutane), ƙarar lasifika da ganga tana rikita su har su ƙi tashi daga layi. A juya lasifika ta fuskanci ƴan kallo, makaɗa su yi shiru daga kiran suna har a tashi, a tayar da tsere da usur da tuta tare. A keɓe inuwa guda can gefe, mai tabarma da ruwa, inda ba kamara ba hayaniya.

A ja igiya a nuna wa masu hoto wurinsu: gefen layin ƙarshe, rana a bayansu. In wani ya faɗi, ko farfaɗiya ta tashi, ko kuka ya ƙwace wa wani, kamara ƙasa. A faɗi wannan tun a ƙofa, a kuma sa mutum biyu da zani a hannu don yin kariya. Ruwan sha a tanada tun jiya, aƙalla lita 2 ga kowane ɗan wasa. Wanda ya san Damagaram ba ya dogara da famfo ranar taro.

Hira da ɗan wasa

Yawancin ƴan rahoto ba su taɓa yin irin wannan hira ba, sai su ji nauyi, su juya wajen koci ko uwa su ce "yaya yake ji?" alhali ga mutumin tsaye. Ku ba su shawarwarin nan a rubuce, ku kuma gwada da ƴan wasan tun a wajen atisaye, da waya a matsayin makirfo, don kada ranar ta zama farkon ganinsu da abin.

A bar shi ya huta minti biyar, ya sha ruwa. A janye daga hayaniya. A tsaya ko a zauna daidai tsayinsa, a kira sunansa, a faɗi naka. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, gajera, kan abin da ya faru yanzu: "Wa ke gabanka da aka tashi?" "A ina ka wuce shi?" "Wa za ka nuna wa lambar nan in ka je gida?" Bayan tambaya a yi shiru a ƙirga har goma a zuci. Shirun nan shi ne ya fi wuya ga ɗan rediyo, kuma a nan ake ɓata hirar, domin da an cike masa gurbin da wata tambaya sai ya rasa wadda zai amsa. In bai gane ba, a maimaita da kalmomin farko, kada a sauya su.

A guji tambayar e ko a'a. Da yawa daga cikinsu sun saba amsa "e" ga duk babban da ya tambaye su, don a rabu lafiya, sai a tashi da hira wadda ba komai cikinta sai maganar mai tambaya. Kada a yi masa muryar da ake yi wa jariri. Kada a tambaye shi lalurarsa, ko a tambayi uwa "yaya kika ji da aka haife shi" a gabansa. Mai rakiya ya tsaya a gefe, ya taimaka in an nemi taimakonsa, kada ya amsa a madadinsa. Wanda maganarsa ba ta fita sosai, a bar muryarsa a yadda take, mai rahoto ya maimaita abin da ya ce bayansa, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi magana da wani harshe. Jimla biyu daga bakin zakara sun fi minti biyar na shugaban ƙungiya.

In ba wanda ya zo

Zai faru, don haka ku shirya kamar ba mai zuwa. Ku sa matasa biyu, ɗaya murya ɗaya hoto, wayoyinsu cike da caji da wuri, da batirin ajiya saboda ɗaukewar wuta.

Mai murya ya rufe layin kira kafin ya fara, kada kira ya yanke ɗauka. Waya ta kasance kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a ɗan karkace. Iskar hunturu tana lalata murya fiye da komai: a sa wa ƙasan wayar safa mai tsabta ko guntun soso, a juya wa iska baya. A fara kowace ɗauka da faɗin sunan mai magana da wasan da ya yi. A ɗauki daƙiƙa 30 na usur, ihun ƴan kallo da ganga ba tare da magana ba, masu haɗa shiri suna son wannan ƙwarai. A saurara nan take kafin mutum ya tafi.

Mai hoto ya riƙe waya a kwance in don talabijin ne, a tsaye in don WhatsApp. Kada ya bi masu gudu da waya yana jijjiga. Ya tsaya bayan layin ƙarshe su taho gare shi. Kowane ɗauka daƙiƙa 10 aƙalla, ba zuƙowa. A durƙusa a ɗauka daga ƙasa, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙanƙanta mutum. A goge gilashin kamara akai-akai saboda ƙura.

Kafin ƙarfe 12 a tura wa kowane mai shiri saƙo guda: sakamako a rubuce da Hausa da Faransanci, murya biyu ko uku waɗanda ba su wuce daƙiƙa 40 ba kowace, hotuna biyar da sunan kowa, da bidiyo ɗaya. Hotuna da bidiyo a tura su a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp zai matse su har su ƙi amfani a jarida. Layin farko na saƙon ya zama labarin kansa: wane daga unguwa kaza ya ci mita 100 na rukunin farko cikin daƙiƙa kaza, ya ba wane tazarar kaza. Sannan a kira a tabbatar ya isa. Sakamakon da ya kai gobe ya zama tsohon zance.

Bayan an watse

Ku saurari abin da aka watsa, ku ɗauke shi a waya, ku kai wa iyalan da ba su ji ba. In an yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, a kira mai shirin shi kaɗai, a gode masa tukuna, sannan a gaya masa. Kada a kai shi Facebook, gobe kuna buƙatarsa. Cikin mako guda ku nemi a gayyaci zakara ɗaya da kocinsa shirin wasanni. In shirin na kiran waya ne, ku roƙi a tace kiran, domin ba a rasa mai kira da zolaya, kuma ɗan wasan yana ji.

Babban littafin sakamakon nan kada ya ɓata. Gasa guda a shekara biki ce, ɗan jarida ba shi da abin bi. Ku tsara uku ko huɗu tsakanin Nuwamba da Maris, ku ba tashoshi jadawalin tun Oktoba da an koma lakwal. Daga gasa ta biyu kuna da abin da babu a ta farko: wane ya rage daƙiƙa ɗaya da rabi daga lokacinsa, wance ta karya bajintar jifan da aka kafa a Disamba, Zango na neman ramuwa a kan Birni. Ku haɗa da abin da ke faruwa a waje in ya zo daidai, kamar gasar duniya ta Special Olympics da aka yi a Abu Dabi a 2019 da Balin ta Jamus a 2023, ta 2027 kuma aka ba Santiyago ta ƙasar Chile. A shafin ƙarshe na littafin ku rubuta sunan kowace tasha, wanda ya zo, wanda ya watsa ba tare da ya zo ba, da ranar da shirin wasanninsa ke fita, don wanda zai karɓi aikin hulɗa da ƴan jarida baɗi ya san ƙofar da zai fara bugawa.